Filin Gida da Iyali: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A fitowar da ta gabata mun tattauna a kan bashin da iyaye ke ɗauka domin kayan ɗakin amarya, kuma wasiƙun da suka biyo baya sun nuna mana cewa maganar ta sosa wa mutane da yawa inda yake yi musu ƙaiƙayi. Wata uwa daga Maraɗi ta aiko da tambayar da ta cancanci doguwar amsa. Cewa ta yi: “To Malam, idan kun hana mu cin bashi, da me za mu ƙawata ɗakunan ƴaƴanmu, alhali kowa ya san araha ba ta ado?”

Amsar da za mu ba Hajiya, da ma duk mai irin wannan tambaya, ita ce araha tana ado idan ta gamu da hannu da haƙuri. Da yawa daga cikin abin da muke zuwa kanti mu ɗauko da bashi, irinsa ko wanda ya fi shi ƙarko yana nan kwance a ƙarƙashin gadon tsohuwa, ko a lungun zaure, ko a shimfiɗe a ƙasa a kasuwar tsofaffin kaya ana neman mai ɗauka da kuɗi ƙalilan. Abin da ya shiga tsakaninmu da shi kunya ce, kada a ce wance ta yi wa ƴarta jere da tsoho. A yau za mu duba ko wannan kunya tana da tushe, sannan mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da za a iya fitarwa daga cikinsu, da kuma abin da bai kamata a taɓa ba ko da kyauta aka bayar.

Gidajen da suka fi namu daraja

Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta taɓa rataya wani labule mai hotuna a ɗakinta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa. Ba a kai labulen juji ba. Yanka shi ta yi, ta ɗinka matashi ɗaya ko biyu da shi. Haka nan Nana Sauda ta ba da labarin wata dabbarsu da ta mutu, suka jeme fatar suka yi salka da ita, suka yi ta amfani da ita har ta tsufa. Shi kansa Manzon Allah an ruwaito yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa, kuma labarin rigar Sayyidina Umar mai faci bai ɓuya ga kowane almajiri ba. Alƙur'ani ya yi hani ga almubazzaranci a Suratul Isra'i, ya yi hani ga wuce iyaka a Suratul A'araf. Saboda haka mai jin kunyar gyara tsohon abu ya san cewa gidajen da suka fi nasa daraja ba su ji wannan kunyar ba.

Kakanninmu ma haka suka rayu. Ƙwarya idan ta tsage gyartai ake kira ya ɗinke ta. Babbar riga idan ta koɗe sai a mai da ita marina, a tsoma ta a baba, a kai wa masu bugu, ta dawo tana ƙyalli kamar yau aka ɗinka ta. Fatar ragon layya ta zama buzu, tsohon zane ya zama goyo, goyo ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Babu wanda ya ba wannan ɗabi'a wani suna na musamman, domin ita ce rayuwar. Sai da ta fara ɓacewa ne muka ji masu Faransanci suna kiranta récupération, har ana koyar da ita a tarurruka kamar wani sabon ilimi.

Idan muka dubi tarihin jere za mu ga yadda aka yi muka saki hanya. Da can ɗakin amarya ƙorai ne sassaƙaƙƙu da fayafayai, masu hali su ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. A zamanin Turawa kwanonin fenti suka shigo, daga Turai da farko, daga baya daga Hankon, har aka zo ana ƙera su a Najeriya. Kumbo da langa da samira da fanteka suka hau bango, ƙorai suka sauko. Bayan su tangaran da gilashi da kuloli suka zo, su ma kwanonin suka koma ƙarƙashin gado, ko suka bi dillaliya. Kowane zamani yana ganin na gabaninsa ƙauyanci ne. Amma samirar da aka yi wa kakarmu jere da ita shekara 50 da suka wuce har yau tana riƙe ruwa, alhali durowar garin katako da aka sayo da bashi bara, damina ɗaya ta kumbura ta.

Darasin Katako da darasin bosho

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako a Yamai ya ga makarantar da ba ta da allo. A can ne ake fasa gangar ƙarfe, wadda muke kira tano, a miƙe ta da guduma, a fitar da akwati da murhun gawayi da kaskon suya. A can ne ake narka gwangwanayen lemo a zuba tukwane da ludaya. Tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, gwangwanin tumatir ya zama fitila. Akwai irin waɗannan masu sana'a a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma aikinsu ya ƙara samun kasuwa tun bayan da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi a watan Janairun 1994, lokacin da kayan waje suka yi tsadar da talaka ya koma neman na gida. Abin da ya rage shi ne uwargida ta san cewa mutumin da ya iya fitar da murhu daga tano zai iya fitar mata da kujera ko teburi, in dai ta zo masa da siffar abin da take so.

Ɗaya kasuwar ita ce ta gwanjo, wanda a nan muka fi sani da bosho. Shekara da shekaru dilolin tufafin da aka sa a Turai da Amurka da Asiya suna sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, su hauro arewa. Kayan sun rufa wa talaka asiri, wannan babu musu. Sai dai yawansu ya wuce abin da jiki zai iya sawa. A kasuwar Kantamanto ta Ankara a ƙasar Gana, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, masu bin diddigin sana'ar sun ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. A kowace dila akwai na sama da ake rububi, akwai kuma na ƙasa da ake tarawa a gefe a sayar tsibi-tsibi. Wannan na ƙasan, wanda hannunsa ya yage ko wuyansa ya koɗe amma yadinsa na da ƙwari, shi ne jarin mai son ƙawata ɗaki da kuɗi kaɗan.

Kwano da tasa da ƙwarya

Mu fara da abin da ke cikin gida. Tsohon kwanon fenti ana wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi da soso mai laushi, kada a kankare shi da soson ƙarfe domin yana dusashe ƙyallin. Inda fenti ya ɓare har tsatsa ta fito, a goga lemon tsami da gishiri, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai, sannan a ɗiga ɗan fenti a wurin. Irin wannan kwano ya gama aikin abinci, musamman mai tsami kamar kunun tsamiya ko zoɓo, amma yana da sauran aiki. Mai murfi ya zama ma'ajiyar zare da allura, ko turaren wuta, ko kayan kwalliya. Wanda gindinsa ya huje kuwa rabin aiki ya yi wa kansa: a ƙara masa huji 3 ko 4 da ƙusa, a zuba tsakuwa a ƙasa, a cika da ƙasa da taki, a shuka na'ana'a ko ɗoɗɗoya ko barkono a jera a bakin taga. Murafan da kwanoninsu suka ɓata, a haɗa 5 ko 7 masu zanen furanni a kafa a bango, babba a tsakiya ƙanana kewaye da shi. Farantin da ya yi faɗi a kai wa mai yankan gilashi ya manna madubi a cikinsa, ko mai gyaran agogo ya huda tsakiyarsa ya sa masa inji da hannaye.

Tasar tagulla da ta yi baƙi ba ta mutu ba. A jiƙa tsamiya, a kwaɓa da toka mai laushi, a goge da tsumma, a ɗauraye a tsane ta nan take. Koren da ke fitowa a jikin tagulla guba ne, don haka tasar da ta yi shi ta tsaya a ado. Wadda ta gaji irin wannan tasa kada ta yi gaggawar ba ƴan gwangwan su auna ta a sikeli, domin kuɗin nauyin ƙarfen bai kai kuɗin aikin hannun da ke jikinta ba, kuma maƙeran da suka iya wannan zane suna ta raguwa.

Ƙwaryar da ta tsage fiye da ɗinki ana kife ta a yi murfin fitila. A zana mata tsarin ɗigo-ɗigo da fensir, a huda da basilla ko ƙusa mai zafi, a shafe ta da ɗan man kaɗe ta yi duhu mai kyau. Da dare hasken zai fito ta hujojin ya zana bango. Sharaɗi ɗaya ne: a sa mata ƙwan lantarki na zamani wanda ba ya zafi, ban da tsohon ƙwai mai zafi, ban da kyandir, domin busasshiyar ƙwarya makamashi ce. Fayafayan da bakinsu ya fara warwarewa a kai wa baduku ya dauje su da jar fata, ko uwargida ta dauje da ƙyalle, a kafa su a bango. Adudun da aka daina sa tufafi a ciki ya zama ma'ajiyar kayan wasan yara. Turmin da gindinsa ya tsage a kife shi, a goge da samfefa, a ɗora masa ɗan matashi, ya zama kujerar tsakar gida wadda za ta shekara 20 ba ta motsa ba.

Tsohon zane da ƙyallayen tela

A nan ne dukiyar ta fi yawa, kuma a nan ne aka fi yin asara. Kowane biki da ankonsa, a sa sau ɗaya ko biyu a ninke a akwati. Kowane shagon tela kuma yana share ƙyallaye buhu-buhu, musamman gabanin salla, a zubar ko a ƙone. Daga waɗannan ake haɗa shimfiɗar gado wadda babu mai irinta a unguwa. Da farko a wanke ƙyallayen duka, domin wani yana zuba wani yana tsukewa, kuma gara su yi haka kafin a haɗa su. A ware atamfa da atamfa, shadda da shadda, saboda mai kauri yana yaga mara kauri a bakin ɗinki. A yanka kwali mai kusurwa huɗu, santimita 17 kowane gefe, ya zama ma'auni. Idan aka bar santimita 1 a kowane gefe domin ɗinki, kowane gida zai tsaya a santimita 15. Gida 10 a faɗi da 13 a tsawo, wato ƙyalle 130, za su ba da shimfiɗa mai faɗin mita ɗaya da rabi da tsawon kusan mita 2. A shimfiɗa su a kan tabarma a jera kafin a kai keke, mai duhu kusa da mai haske, har ido ya gamsu. A haɗa layi-layi, a goge kowane ɗinki, a yi mata shafi da tsohon zanen gado, a kewaye bakinta da launi guda. Mai yin gida 10 a rana za ta gama yanka cikin mako biyu.

Haɗa ƙyalle da ƙyalle ba abin raini ba ne a tarihi. Mabiya Mahadi a Sudan, a shekarun 1880, jibba mai faci suka ɗauka alamar gudun duniya, daga baya facin ya zama ado mai tsari, har yau ana ajiye da rigunan a gidajen tarihi. Ƴan Baye Fal na Senegal su ma da riguna masu haɗe-haɗen ƙyalle aka san su.

Babbar rigar da ta mutu a kafaɗa da gefe, sau da yawa aikin gabanta yana nan lafiya. Aska takwas ko tambarin da aka yi da hannu, wani maɗinki ya yi watanni a kansa yana sunkuye. A yanke wurin aikin da ɗan rata, a manna a kan baƙin yadi, kafinta ya yi masa firam, ko a yi fuskar babban matashi da shi. Idan rigar ta mahaifi ce ko ta kaka, to ɗakin ya samu ado kuma jikoki sun samu abin tambaya.

A kasuwar bosho kuwa a nemi tsibin labulaye da zannuwan gado da shimfiɗun teburi, a ɗaga kowanne a rana a ga inda ya sirance. Labule guda mai kauri yana fitar da rigunan matasai 4 zuwa 6. Wandunan jins da gwiwarsu ta fashe suna ba da yadi mafi ƙwari na jakar lakwal ko rigar tumtum. Rigunan auduga masu taushi a yanka su zare-zare mai faɗin yatsu biyu, a yi kitso da igiya uku, a naɗe kitson kamar gammo ana ɗinkewa da zare mai kauri, sai ga abin taka ƙafa na bakin gado. Guntayen da suka rage su zama cikon matashi, idan audugar rimi ta yi wuya.

Katako da ƙarfe da leda

Tsohon gadon ƙarfe da iyayenmu suka yi aure da shi, mai walda ya ɗaure inda ya saki, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa sannan a bi da launin da ake so. Ƙafafun tsohon keken ɗinki, irin Singer ko Butterfly, idan aka ɗora musu katako ko tsohuwar ƙofa da aka yanke, sun zama teburin karatun yara. Akwatin ƙarfe na lefen da, a fente shi a sa a tsakiyar ɗaki, sama teburi ciki ma'ajiya. Kafin a shigo da tsohon katako a duba shi da kyau: ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashinsa alamar ƙwaro ce, kuma gara idan ta shiga ɗaki ba ta tsayawa a kan abin da ta zo da shi. Katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci yana ɗauke da hatimi. Mai alamar HT da zafi aka gasa shi, mai alamar MB kuwa hayaƙin magani mai guba aka yi masa, sai a bar shi a waje.

Ita kuwa leda, kowa shaida ne a kan yadda take rataye a ƙaya, take cika tumbin awaki da shanu, take toshe magudanun ruwa har ambaliya ta ƙara tsanani. Nijar ta kafa dokar hana shigo da ita da sayar da ita a watan Nuwamban 2014, amma ba ta bar titunanmu ba. A Bobo Julaso ta Burkina Faso matan ƙungiyar GAFREH sun daɗe suna tsince ta, su wanke, su yanka zare-zare, su saƙa a masaƙa su fitar da jakunkuna. Mai ƙwarashi ma za ta iya yin haka a ɗakinta, ta saƙa kwando ko shimfiɗar ƙofar banɗaki wadda ruwa ba ya ɓatawa. Buhun shinkafa ana warware shi a tufka igiya, a ɗaure tsohuwar kujerar ƙarfe da ita. Taya kuma a wanke ta, a rufe sama da ƙasa da zagayayyen katako, a naɗe ta da igiyar rama ko ta kaba, ta zama kujera. Wadda za a bari a tsakar gida a huda mata ƙasa, kada ta tara ruwan da sauro zai hayayyafa.

Mai ganin wannan aikin marasa galihu ne ya ji labarin El Anatsui, ɗan ƙasar Gana da aka haifa a 1944, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya. Murafan kwalabe yake miƙewa, ya ɗinke su da wayar tagulla, su zama kamar ƙaton zane mai rufe bango. A 2015 aka ba shi lambar girma ta babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, kuma manyan gidajen tarihi na duniya suna ajiye aikinsa.

Abin da ba a taɓawa

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka ga iyakoki. Jarka ko gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari na gona, wanki ba ya fitar da gubarsa, kada a sa masa ruwa ko hatsi, kada a ba yaro ya yi wasa da shi. Haka tanon da ba a san abin da ya ɗauko ba, da kayan da aka zubar daga gidan likita. Tsohon baturin mota cike yake da dalma da ruwa mai ƙuna, ba abin fasawa a gida ba ne. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma, saboda haka mai kankare shi ya jiƙa wurin da ruwa, ya rufe hanci, ya yi aikin a waje nesa da yara da mai ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa a Kamaru ya gano cewa dalma tana fita daga jikinsu idan aka dafa abu mai tsami, domin akan haɗa da tarkacen injuna wajen narkawa. Don haka a nemi maƙerin da aka san abin da yake narkawa, kuma kada a bar miya mai tsami ta kwana a irin wannan tukunya.

Duk yadin da ya fito daga bosho a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana mai ƙarfi, a goge da dutsen guga, saboda kwarkwata da kuɗin cizo da ƙurajen fata. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa tufar da wani ya sa, wanda ba a san kiyayewarsa ga tsarki ba, ana wanke ta kafin a yi salla da ita, kuma wankin ya wadatar, ba a buƙatar waswasi bayansa. Idan da rubutu a jiki, a sa ɗan lakwal ya karanta kafin a rataya a ɗaki. Tsohon allo da takardar da ke ɗauke da ayoyi kuwa ba su shiga wannan lissafi ba, suna da hurumin da kowa ya sani.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Kwanonin marigayiya da tasoshinta gado ne. Ba ya halatta ƴar da ke kusa ta kwashe su da hujjar cewa tsofaffi ne, sai an raba ko magada sun yafe da daɗin rai. Kayan da aka kawo da araha mai ban tsoro, kamar wayar lantarki ko ƙofar da ba ta tsufa ba, a tambayi asalinsu. Mai sayar da abin da ta gyara ta faɗi aibinsa, kada ta rufe tsaga da fenti ta yi shiru. Tukwane da gumakan ƙasa da ake tonowa daga tsofaffin kufai, irin na Bura da ke yammacin Nijar waɗanda aka yi ta wawashewa ana fitarwa waje, dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hau kansu, ba kayan adon ɗaki ba ne kuma ba na sayarwa ba ne.

Daga ina za a fara

Shawararmu ga Hajiya ta Maraɗi ita ce kada ta jira sai an sa rana. Tun yarinya tana lakwal a fara tara ƙyallaye, a gyara tasa ɗaya bana, a fente gado baɗi, ita ma yarinyar da hannunta a ciki, domin abin da mace ta ɗinka da kanta ba ta jin kunyar nuna shi ga dangin miji. Ba mu ce kada a sayi sabo ba. Katifa da tukwanen girki da abin da ya shafi lafiya a saye su sababbi gwargwadon hali, kuɗin da aka tsira da shi daga kayan kallo a saya wa yarinya keken ɗinki ko tunkiya. Su kuma surukai da ƴan ganin ɗaki su ji tsoron Allah a kan harsunansu, domin gorin da ake yi a yini ɗaya shi ke jefa wani uba cikin bashin shekara 3.

Muna kira ga makarantun matan aure na unguwanni da su ware yini guda a wata, a gayyato tela da baduku da tsohuwar da ta iya saƙar faifai su koyar. Mai neman samfuri ta ziyarci gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Wadda hannunta ya faɗa kuma tana iya sa ido a kan baje kolin SAFEM na sana'o'in mata, wanda aka fara a shekarar 2000.

A nan za mu dasa aya. Wadda ta gwada ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ta rubuto mana yadda ta kaya, da Hausa ko da Faransanci, domin wasu su amfana. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba adashi da ladubbansa. Allah Ya sa albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.